Bakin Husainatu a Makarantar Attaura

Husainatu ta rantse a tashar jirgin ƙasa ta Paris, hannunta a kan akwati, cewa ba wanda zai ji bakinta har ta dawo. Mijinta Isufu, mai dakon kayan lambu a kasuwar Rungis, ya ce amin da ƙarfi, har wata Baturiya ta waiwayo.

Rantsuwar tana da dalili. Aiki biyu bakin nan ya cinye mata a unguwar Belleville cikin shekarar 1986 kaɗai. A na farko ta nuna wa mai gidan abinci cewa bai iya soya albasa ba. A na biyu ta yi musu da likita a kan ciwon da ba ita ke da shi ba. Husainatu ba muguwa ba ce, magana ce dai ba ta iya barin ta wuce a karkace. Ga takardar zamanta ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabuntawa sai da shaidar aiki. In wannan ya kuɓuce, sai komawa gida Damagaram.

Isufu ne ya samo aikin. Makarantar hutun bazara ce ta 'yan matan Yahudawa a wajen birnin Lyon, kuma shugabarta, Madam Sarfati, a da yakan yi mata dakon kaya a kasuwa. Da Husainatu ta tambaye shi wane irin aiki ne, ya duƙa yana gyaran takalmi ya ce, "Wajen madafa dai."

Ta tarar da madafar da masu girki har biyu. Ba a barin ta ta kunna murhu ko ta taɓa tukunya. Ta ɗauka dokar abincinsu ce, don ta ga kwanon nama daban, na madara daban. Aka ajiye ta a bakin taga da wuƙa da buhun dankali.

Tagar nan ce azabarta. Kowace safiya 'yan matan kan zauna bibbiyu a ƙarƙashin itatuwa, kowace da littafin Attaura. Ɗaya ta karanta aya, ɗayar ta ce ba haka ba ne. Su yi ta musu, ana buga tebur, ana nuna yatsa, malamai na wucewa suna gyaɗa kai. Haka suke karatu: wadda ba ta da abokiyar musu ba ta fara ba. Husainatu tana ji, tana fere, tana haɗiyar yawu kamar mai azumi a gaban mai tsire.

Yarinya ɗaya ce ba ta da abokiya. Sunanta Tamar, 'yar shekara sha huɗu. Duk wadda aka haɗa ta da ita sai ta gudu, don kome aka ce mata sai ta ce to. Ƙarshe aka riƙa turo ta madafa da littafinta, ta zauna daura da Husainatu. Kullum Madam Sarfati kan leƙo, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta yi ajiyar zuciya ta tafi. Husainatu ta gane ana gwada ta ne, sai ta ƙara tamke baki. Kome Madam ta ce, amsarta "Wi Madam", wato "To Madam". Ita kanta ta fara jin tsoron haƙurinta.

Ana saura 'yan kwanaki a tashi, Tamar tana karatun labarin Annabi Yusufu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar da dankalin take.

"Ni dai ban ga laifin yayyen sosai ba. An fifita ƙanensu a kansu."

Wuƙar ta tsaya. Husainatu ta tuna da takardar zama. Ta tuna da rantsuwarta. Ta ciji leɓe har ya yi zafi. Amma hali zanen dutse ne.

"Ke yarinya, don an fifita ƙanenki sai ki jefa shi rijiya?"

"Ba ki da ƙanen da aka sai wa keke ke ba a sai miki ba," in ji Tamar, kunnuwanta sun yi ja.

Shi ke nan, gari ya yi zafi. Husainatu ta kawo hassada, Tamar ta kawo adalci. Wannan ta buɗe littafi ta nuna aya, waccan ta kawo abin da kakarta ta faɗa a Damagaram. Aka buga tebur, dankali ya watse a ƙasa. Masu girki suka bar miya ta ƙone. Muryar Tamar da ba a taɓa ji ba ta kai har ƙarƙashin itatuwa. Rabon Husainatu da jin daɗi irin wannan tun ranar likitan.

Sai ta ɗaga kai ta ga Madam Sarfati a bakin ƙofa.

Ta ajiye wuƙar. Yara su yi musu da juna daban, amma ma'aikaciya, Musulma, ta ɗaga wa 'yar mutane murya a kan littafinsu? Ta cire zanen aiki ta ninke, ta bi Madam zuwa ofis, tana tunanin da wane ido za ta dubi bawan Allah Isufu, wanda ya zubar da girmansa ya roƙo mata aikin.

"Madam, ki yi haƙuri. Wallahi ba halina ba ne."

Madam Sarfati ta sauke tabarau ta dube ta.

"Yau da safe na yi niyyar sallamarki, don na ɗauka ƙarya aka yi mini. Masu girki ina da su. Abokiyar musu na nema wa Tamar, kuma mijinki ya rantse mini cewa tun da ya aure ki bai taɓa kai magana ƙarshe ba."