Dutsen Niƙan Kakata

Ina aji biyar a Zuru, wata rana bayan tara Malam ya zo koya mana yadda gari ke cika da mutane. Ko allo bai taɓa ba, ya ce duk mu miƙe.

"Wanda ba cikin garin ga aka haifi kakanninsa ba, shi zauna."

Ngozi, 'yar wani mai shago, wadda na saba ce wa ta koma garinsu, ita ta fara zama. 'Ya'yan sojoji suka bi. Can sai ga ni ni kaɗai a tsaye, ina hura hanci.

Malam, wanda ya san gidanmu, ya dube ni. "Dutsen niƙan da ke tsakar gidanku, kakarki a ka ta ɗauko shi tun daga ƙauyen Manga, babanki na goye a bayanta. Zauna, ɗiyata."

Dutsen da kullum nake zama a kai ina cin gyaɗa, ashe shi ma zuwa ya yi! Ngozi ba ta yi dariya ba. Matsawa ta yi, ta ba ni wuri a benci.

Har yau ban ƙara iya ce wa kowa baƙo ba.