Tsohon Mai Fito da Harafin da Ya Ɓace

Kai da kake kukan mantuwa tun kana ɗan hamsin, saurara. An yi wani mai fito da ya shekara arba'in yana ƙetarar da mutane a kwalekwale. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya jingine gorar tuƙi, ya koma zaman ƙofar gida. Ba a jima ba sunayen jikokinsa suka fara kuɓuce masa, ya kira wannan da sunan wancan. 'Ya'yansa suka shiga shawarar hana shi fita, wai kada ya ɓata. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti. Likita ta gama aune-aunenta, ta ce, "Baba, ba cuta ba ce, shekaru ne. Ƙwayoyin da ke saman ƙwaƙwalwarka yawancinsu suna nan da ransu. Mahaɗan da ke tsakaninsu, inda wannan ke miƙa wa wancan saƙo, su ne suke raguwa. Ka ba su aikin da ba su saba ba."

Tsoho ya shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Hannun da ya saba da gora ya karya fensir uku a makon farko. Ya kama harafi yau, gobe ya tsere masa, jibi ya sake kamo shi. Tsararrakinsa na majalisa suna tsokanarsa da ɗan makaranta, ya gyara hula ya wuce abinsa. Mantuwa dai ba ta tafi duka ba, amma ta sassauta, fuskarsa ta washe. Bayan damina biyu, yana dawowa daga kasuwa, ya tsaya gaban allon da ke bakin gari yana haɗa baƙi a hankali. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ashe "Barka da zua" aka rubuta, shekara da shekaru masu boko suna wucewa ba wanda ya kula! Washegari ya aro fenti, aka riƙe masa tsani, ya cusa harafin "w" da ya ɓace da hannunsa. Ya ɗan karkace, amma mata suka rangaɗa guɗa, masu tsokana suka fi kowa tafi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gemu ba ya hana ilimi.