Bindigar Uba, Kafaɗar Ɗa

Tunda ka ce duk abin da ka ga mahaifinka ya yi shi kake yi, amma sana'ar ta ƙi ci a hannunka, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari na bakin dawa an yi wani Sarkin Baka, wato shugaban maharba, wanda ko zabuwa ce ta tashi a gabansa to ta gama tashi ke nan. Da ya rasu ya bar ɗa namiji guda, magidanci, mai kama da shi kamar an tsaga kara. Ya kuma bar tsofaffin bindigogi biyu masu baki biyu, ƙira ɗaya, tsawo ɗaya, duk tsatsa ta ci su. Ɗaya ita ce ta hannunsa, wadda mutanen garin ke rantsuwa ba ta taɓa kuskure ba. Ɗayar kuwa marigayin ya raina ta, 'yar rakiya ma yake ce mata. Maharba suka ce sarauta ba riga ba ce da za a cire wa uba a sa wa ɗa: bayan girbi za a taru a fili a jefa sakaina goma sama, wanda ya fi fasawa shi ne Sarkin Baka. Ɗan ya ji zafin maganar nan har cikin ransa, ya sha alwashin sarautar ba za ta bar gidansu ba. Ya kwashi bindigogin ya kai wa wani tsohon maƙeri. Maƙerin ya kankare tsatsa, ya gyara kunamar da ake ja a harba, ya shafe ƙota da mai, duka biyun suka dawo fes. Ɗan ko kallon 'yar rakiya bai yi ba, ya suri ta uban ya nufi bayan gari. Ya wurga sakaina, ya harba. Wayam! Ya sake, ta faɗo lafiya lau. Kullum harbin sai ya karkace ya bi ta hagu. Kai, mutumin nan akwai naci. Kwana ashirin yana fita tun sanyin safiya, kafaɗa ta kumbura, kunci ya yi tabo, bai fasa ba. Da abin ya ishe shi sai ya tuna yadda ubansa ke noƙe kafaɗar dama in zai yi harbi, ya shiga kwaikwayonsa, ya wayi gari yana tafe a karkace kamar mai ciwon wuya. Mutane suna cewa, "Allah sarki, har tafiyar marigayi!" Sakaina kuwa ko gezau.

Saura kwana bakwai a taru ya faɗa maƙera rai a ɓace, ya ce an lalata masa gado. Tsoho ya miƙa yatsu biyu ya ɗora 'yar rakiya a kai, daidai gaban kunama, ta zauna daram. Ya ɗora ta uban a wuri guda, sai gindi ya rinjaya, baki ya ɗaga sama. Sannan ya juya ƙotar ya nuna masa inda aka sassaƙe gefe ɗaya, da ramin da aka cika da dalma aka toshe. Ya ce, "Ni na yi wannan da hannuna, kafin a haife ka. Ɓauna ce ta taka ubanka, kafaɗarsa ta warke a karkace, ya kasa riƙe bindiga miƙaƙƙiya. Muka karkata wannan ta bi shi. Kai wace ɓauna ce ta taka ka?" Ɗan ya ce to me ya hana a faɗa masa tun farko. Tsoho ya ce, "Gyara ka ce in yi, ɗana, ba ka ce in auna ka ba." Kunya da baƙin ciki suka rufe ɗan, don ya san shiga fili da bindigar da ubansa ya raina abin dariya ne. Amma ya auna dariyar mutane da fitar sarauta daga gida, ya ga ba su zo ɗaya ba. Ya ɗauki 'yar rakiya ya kai kafaɗa, sai ga ido da bakin bindiga sun haɗu ba tare da ya nema ba. Kwana shidan da suka rage ya ƙare su yana koya wa jikinsa tsayuwa a miƙe, abin da ya yi ta hana shi a baya. Ranar taro kuwa an yi dariyar, har wani ya ɗaga murya ya ce yau 'yar rakiya ta zo rakiya. Bai waiwaya ba. Aka jefa sakaina goma, tara suka dawo ƙasa gari-gari, wanda ke biye da shi ya tsaya a shida. Wani dattijon maharbi da ya yi farauta da marigayin ya share hawaye ya ce, "Yau ɗin nan na ga ɗan abokina." Bindigar uban kuwa ɗan ya kai ta ɗaki ya rataye, yana shafa mata mai duk Juma'a, bai sake kai ta kafaɗa ba.

Ka ga, fuska ce ya gada, bai gaji kafaɗa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.