Gilashi na Bakwai

Tunda ka zo da ƙarar mutanenka, zauna ka ji wannan tukuna. An yi wani masassaƙi a ma'aikatar da ake ƙera madubin da za a harba sama, don ya kamo haske daga taurari, irin hasken nan da likita yake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shi wannan haske ba ya son a tare shi gaba da gaba, huda madubi yake yi ya wuce. Sai dai ya shafi fuskar madubin a kaikaice, kamar yadda ake wurga tsakuwa ta yi tsalle a kan ruwa. Saboda haka gilashin da bai fi ɓawon albasa kauri da yawa ba ake ɗorawa kan wani dutse mai santsi, a sa a tanderu, zafi ya tausasa shi har ya kwanta ya ɗauki siffar dutsen. Shekara biyu masassaƙin nan ya yi yana goge dutsen, kuma ko kallon banza ba ya yarda a yi masa. Gilashi na farko ya fito, aka auna, yana watsa haske saboda wani ɗan gurbi a fuskarsa. Na biyu ma haka, har shida. Ran maza ya ɓaci. Ya ce matar da ke kula da tanderu ce take gaggawar sauke zafi. Ta roƙi a auna dutsen ko sau ɗaya, ya ce shi za a koya wa aiki? Da yake bakinsa yana da nauyi a wurin, aka sallame ta, ta tattara kayanta tana hawaye.

Gilashi ɗaya ya rage, ranar miƙa aiki kuma ta matso. Ya ce shi da kansa zai gasa, kowa ya gani. Kwana uku yana bakin tanderu, ya hau da zafi sannu, ya sauko da shi sannu, abinci ma sai an tuna masa. Ranar awo duk ma'aikata suka taru a bayansa. Awo ya fito: ga ɗan gurbin nan, a daidai inda yake a sauran shidan, bai gusa ba ko kaɗan. Sai shi da kansa ya ɗauko dutsen, ya ɗora kan ma'auni. Gurbin yana nan, a gefen da ya taɓa yi wa ƙarin guga da hannu don ya ƙara kyau. Aka aika a nemo matar, aka tarar ta bar garin.

To, kafin ka kori kowa, je ka auna dutsenka. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.