Fiffiken Hagu

Tun da safe Dhananjay Sathe yake tafasa. Mai duba jirage na kulob ɗin matuƙa ya ƙwanƙwasa fiffiken hagu na jirginsa, ya kasa kunne, ya ce katakon ciki ya fara ruɓewa. Izinin tashinsa yau yake ƙarewa, kuma ba zai sabunta ba sai da wani fiffiken.

A samo a ina? Goma kacal aka ƙera irin jirgin, marar inji, katako da zane, tun ba a yaye Dhananjay ba. Tara sun tafi bola. Shekara ashirin yana neman ko ɓallin ɗayansu.

Ya hau jirgin a fusace, wayar da ke jan jirage daga ƙasa ta fizge shi sama. Bai ko dubi inda shirwa ke shawagi ba, balle ya bi ta inda iska ke ɗagawa. Minti bakwai, sai ga gwanin birnin Pune tsamo-tsamo a gonar albasa, bayan katangar kulob.

Mai gonar, tsohuwa Rukhmabai, ta fito daga rumfar awakinta da lauje. Ta kama bakin fiffiken daidai inda ake kamawa, ta ɗaga shi daga kan shukarta.

"Cire hannunki, Iya! Babu na biyunsa a duniya."

"Wannan ruɓaɓɓen? Zo inuwa ka sha ruwa, ɗana, akwai abin da zan nuna maka."

Ya ce shi ba ya zama a warin awaki. Ya zagi albasarta, ya zagi awakin, ya haɗa da marigayi mijinta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana share filin kulob da kwashe tarkace.

Tsohuwa ta ajiye fiffiken a hankali. Ta rantse da sunan mijin cewa ko tsinke nata ba zai shiga hannun Dhananjay ba, tana raye ko bayan ranta. Duk ƙauyen an san Rukhmabai ba ta lashe rantsuwa.

Ya yi dariya. Me gare ta da zai so?

Abokansa suka zo da mota, aka kwance jirgin, aka loda. Ya haye saman kayan, ya juyo don ya jefa mata zagin sallama.

Daga can sama ne ya fara ganin rufin rumfar awakin: dogo, siriri, ya tsuke a baki, ya sha fenti, ga lambar jirgi ɓaro-ɓaro a jikinsa. Fiffiken jirgi ne irin nasa. Na hagu ne.