Bulalar Aji Uku

"Mama, in aka doki yaro har ya yi jini, laifin wa ne?"

Ina juyowa na ga jini a hannun rigar 'yata. Shekararta takwas kacal. Ko takalmi ban tsaya sawa ba, na ja ta sai makaranta.

A bakin aji uku na ci kwalar malaminsu, na ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi. "Ba ku kuka tara mu bara kuka ce an hana duka ba?"

"Wallahi baiwar Allah, shekara guda ke nan ban taɓa yaro ba!"

Na sake ɗaga hannu, wata mata mai littafi ta riƙe ni. Ta ce an turo ta ne ta duba ko shirin hana dukan ya yi aiki.

"Gaskiya ya faɗa, 'yar'uwa. Waɗanda suka zo kafin ni malamai kawai suka tambaya, suka rubuta an yi nasara. Ni yaran na keɓe ɗaya bayan ɗaya, na duba bayansu. Malamai sun daina duka, amma monita, ɗalibin da ke kula da aji, suka miƙa wa bulalar."

"Nuna min monitan! Yau sai na karya masa hannu!"

Matar ta juya ta kalli 'yata. Yarinyar ta ɓoye hannunta a baya. Na ɗaga rigarta, ko ƙwarzane babu. Ashe ita ce monitar, jinin na wani yaro ne.

Iyaye, in an ce muku an hana duka a makaranta, kada ku tsaya a kan rahoto. Ku zaunar da yaranku ku tambaye su a hannun wa bulalar take yanzu.