Faifan da Ya Faɗa Bayan Benci

Ka ce aikin ya ƙare, ɗan abin da ya rage gobe ma rana ce? Gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misalin wani tsoho.

Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki. Yana da ɗan ɗaki a kan dutse a bayan gari, rufinsa na kwano mai zamewa gefe, a ciki ya kafa na'urar hangen taurari, wato dogon bututu na katako da madubi a gindinsa. Da hannunsa ya goge madubin nan, shekara huɗu cur yana gurza, tun yana da ƙarfin kafaɗa. Da tsufa ya zo, yanar ido ta soma cin ganinsa. In ya ɗaga kai da dare baƙi kawai yake gani, wata ma sai dishi-dishi, amma da ya kafa ido a bututun, taurari sai su dawo masa tar. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birane, abin da ya rage masa ke nan a duniya. Yana da ƙa'ida kuwa wadda shekara talatin bai karya ba: in an gama kallo, a sunkuyar da bakin bututu, a sa masa murfi, a ja rufin ɗaki. Murfin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, faifai ne da marigayiyar ta saƙa daidai bakin bututun.

Wata asuba, bayan ya kwana yana kallo, ya juya na'urar gabas yana bin gamzaki, sai ya ji an tayar da salla a masallacin gindin dutse. Ya lalubi faifan, ashe ya faɗa bayan benci, ga gwiwa na ciwo. Ya ce a ransa ai raka'a biyu ce, yanzu zai dawo. Ya sauka ya bar komai a buɗe. Ana sallamewa liman ya ce kowa ya dakata, akwai raɗin suna a gidan maƙwabci. Aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro da dabino, aka zaunar da shi a gaba don shi ne dattijon unguwa. Wa zai miƙe ana tsakiyar addu'a? Haka ya zauna hannuwa a sama, gabas tana ja, hankalinsa na can kan dutse, don ya fi kowa sanin rana sawun gamzaki take bi. Ko da ya hau dutsen yana haki, rana ta riga ta leƙa cikin bututun. Madubin da ya saba tara hasken taurari ya tara zafinta wuri guda, katako ya kama da wuta, madubi ya tsage gida uku. Faifan kuwa yana nan bayan benci, ko hayaƙi bai taɓa shi ba.

Na je masa jaje, na same shi zaune yana juya faifan a hannu. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Cewa ya yi, "Sunkuyawa ɗaya ce fa, Malam. Ita na yi wa ƙyuya." Hannun da zai goge wani madubin ya riga ya soma rawa, idon ma ba zai jira shekara huɗu ba. Ya ƙara shekara shida a duniya, kullum bayan isha'i sai ya zauna ƙofar gida yana tambayar masu wucewa ko taurarin nan, kaza da 'ya'yanta, sun fito. Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Bai sake ganin tauraro ko ɗaya ba har aka kai shi makwanci.

Don haka tashi ka ƙarasa abinka tun yau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.